'Ya'yan Lami

Ran Asabar da ta wuce wasu samari uku suka zo wurina, 'ya'yan mutanenmu ne da aka haifa a nan Faransa. Babbansu ya zaro waya ya nuna mini wani abu a ciki: ka rubuta launin uwa, ka rubuta launin uba, ka danna, sai ta jero maka launin 'ya'yan da za a haifa. "Tonton Lawali, c'est facile," in ji shi da Faransanci, wato Kawu Lawali, abin da sauƙi. "Ka ba ni shekara biyu, sai na wuce ka." Na ce Allah ya sa. Na miƙa masa ƙugiya na ce ya fito mini da macijiyar da ke akwati na uku, nan take ya tuna yana da alƙawari da wani a cikin gari. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da nake shekarunsa na ɗauka sana'ar nan lissafi ce kawai, kuma wannan zaton ya sa na yi wa wani dattijo abin da har yau yake ci mini rai. Zan ba ku labarin, amma sai kun fara sanin aikin.

Kiwon boa nake yi. Boa mesa ce ta Amurka ta Kudu, ba ta da dafi, kuma ba ta yin ƙwai kamar mesarmu ta gida, haihuwa take yi kamar akuya. Mace babba takan kai mita biyu da rabi. A daji launinta ƙasa-ƙasa ne da baƙaƙen tabo a baya, kuma irin wannan ba mai juyowa ya kalle ta a kasuwa. Launi ake saye. Akwai wadda baƙinta ya ragu ta yi haske, akwai wadda janta ya ɓace ta koma toka-toka, akwai kuma zabiya, wadda ba ta da baƙi ko ɗigo, jikinta ruwan ƙwai da ruwan lemo, idonta ja. Aikinmu shi ne mu san wa za a haɗa da wa, mu jira wata shida ko bakwai, mu ga ko abin da muka yi tsammani shi zai fito.

Wanke kwanonin ruwa shi ne aikina na farko, wata uku na yi ban taɓa komai ba sai su. Na zo Lyon daga Damagaram karatun kimiyyar halittu, shekarar da aka fara kashe kuɗin yuro, neman aikin hutu ya kai ni wata tsohuwar mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a bayan Rillieux-la-Pape. Mai wurin Bafaranshiya ce, Madam Odil, ta haura sittin, siririya, mai faɗa, ita ke da takardar izinin ajiye macizai. Macizai saba'in da 'yan kai ne a ciki, kowanne a akwatinsa mai gilashi, jere har rufi. Cizo bai dame ni ba kamar shirun wurin. Ka shiga ɗakin kaji ko garken awaki, ka san akwai rai. Nan kuwa rai saba'in, ba ƙara ko ɗaya, sai ɗumi da warin jiƙaƙƙiyar jarida. Ka taka daga ƙofa zuwa famfo, kawuna su biyo ka a hankali, harsuna na fita suna komawa. Ka tsaya, su tsaya. Da rana tsaka nake wannan aikin, amma sai in sami kaina ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci.

Wanda ya koya mini riƙon ƙugiya Baba Haruna ne, mutumin Tawa, wanda ya shekara goma sha biyu a wurin kafin zuwana. Ƙugiyar sanda ce ta ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, kuma don sallama aka yi ta. Ka taɓa maciji da ita a wuya sau biyu, ya san ba abinci ne ya zo ba, sannan ka sa hannu. Abinci kuwa da dogon hantsaki ake ba da shi, ɓera ko zomo da aka fito da shi daga firiza aka ɗumama a ruwan zafi, kuma hannun da ya taɓa zomo ba ya shiga akwati sai an wanke shi da sabulu har gwiwar hannu. Na manta da wannan sau ɗaya. Tabon yana nan a bayan hannuna, layi biyu na ƙananan ɗigo. Baba Haruna ya yi ta dariya yana zuba mini magani. "Ɗan lakwal," ya ce, haka yake kirana, wato ɗan boko, "ita ba ta karanta diplom ɗinka ba, zomo ta ji."

Bai iya boko ba, sai ajami, amma ban ga mai karanta maciji kamarsa ba. Daga yadda mace ta kwanta a gefen ɗumi zai ce maka ciki ya shiga, sati biyu kafin Madam ta gane da sikelinta. Madam lamba take ba su. Shi kuwa sunan rana yake sa musu kamar 'ya'yan mutane, wadda aka haifa ran Lahadi Ladi, ta Alhamis Lami. Yana kuma da wata ɗabi'a da Madam ta gaji da yi masa faɗa a kai ta ƙyale shi. Duk macijin da ya yi saɓa, wato ya tuɓe tsohuwar fatarsa, sai Baba ya ɗauki saɓar ya shanya, ya naɗe, ya sa a ambulop, ya rubuta suna da ajami, ya ajiye a wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Na tambaye shi ko magani yake haɗawa, don a gida na san ana turare da ita. Ya ce a'a. "Abin da ya hito jikin mai rai ba a gama shi da shara, ɗan lakwal. Kai in anka yi maka aski, bisa titi kake watsa sumar?"

Ni abin da na kawo wurin gida huɗu ne. Ka ja murabba'i a takarda ka raba shi huɗu kamar gidan dara, ka sa abin da uba ke ɗauke da shi a sama, na uwa a gefe. Kowane maciji ƙwayar gado biyu gare shi a kan kowane launi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar zabiya mai kunya ce, ba ta fitowa sai ta sami 'yar'uwarta. In ɗa ya sami guda ɗaya kawai, zai fito da launin ƙasa kamar kowa, yana ɗauke da ita a ɓoye, shi muke ce wa mai ɓoyo. Mai ɓoyo da mai ɓoyo, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zabiya ne. Zabiya da mai ɓoyo, rabi. Zabiya da wanda ba shi da ita sam, ba za ka ga zabiya ko ɗaya ba, duk masu ɓoyo za a haifa. Ku riƙe wannan na ƙarshen, a kansa komai ya faru.

Wani mai kantin magani daga Villeurbanne ne ya sa aka fara jin maganata. Ya sayi zabiya mace a wurinmu, ya sayi zabiya namiji a wani wuri, ya haɗa su, ta haifa masa ashirin duk launin ƙasa. Ya zo da su a bokiti yana kumfar baki, wai an cuce shi. Madam ta san haka na faruwa, amma ita faɗa ta iya, bayani sai a hankali. Na zaunar da shi na ja masa gida. Zabiya iri biyu ce a boa, a ido kusan ɗaya, a ciki daban. Ɗaya tana da gero ba turmi, ɗaya tana da turmi ba gero. Kowace ita kaɗai ba ta iya yin baƙi, amma in suka haɗu a jikin ɗa sai kayan aiki su cika. Mutumin ya ɗauki bokitinsa ya tafi yana godiya. Daga ranar Madam ta miƙa mini littafin haɗi, inda ake rubuta wa aka sa da wa, kuma in na ce abu ba zai yiwu ba, an gama magana. Ina da shekara ashirin da shida, na bar jami'a, kaina ya kumbura har ƙofar mangaza ta yi masa kaɗan.

Muguwar shekarar ta fara da wani namiji zabiya, irin tamu, da Madam ta sayo daga kasuwar macizai a Jamus cikin Oktoba, don ba mu da namiji zabiya da ya isa haɗi. Dokar sana'a ita ce baƙo ba ya shiga cikin jama'a sai ya yi wata shida a keɓe. Muna da ƙaramin ɗaki a ƙarshen lungu saboda haka, da ƙugiyarsa da kwanoninsa daban, Madam kaɗai ke shiga, makullin na rataye a ƙusa a ofishinta. Wata biyu yana ci yana sha. Wata safiya cikin Janairu ta kira mu mu leƙa ta gilashin ƙofa. Ya ɗaga gaban jikinsa tsaye kamar sanda, ya karya wuya baya, jajayen idanunsa na kallon rufi. Mun fi minti ashirin a tsaye, ko harshe bai fitar ba. Can sai ya faɗi ta baya, cikinsa a sama, ya kasa juyawa. Masu kiwo suna ce wa wannan ciwo kallon taurari. Yana cin ƙwaƙwalwa, ba shi da magani, yana iya kwanciya a jikin boa shekara da shekaru ba alama tana rarraba shi, uwa ma tana iya ba 'ya'yanta. Gidan da ya shiga, yakan kwashe shi duka. Likitan dabbobi ya zo ya yi masa allura, aka ƙone kayan ɗakin, muka ce Allah ya taƙaita.

A wannan sanyin ne na haɗa Lami da Dogo. Lami ita ce babbar zabiyarmu, Madam ta raine ta tun tana kamar igiyar takalmi. Danginta sun sha auren gida, har an fara haifar 'ya'ya masu ido ɗaya, wasu ba ido sam, fata ce shafe a wurin. Don haka na zaɓa mata Dogo, namiji launin ƙasa, jinin daji, wanda aka taɓa haɗawa da zabiya har sau uku bai ba da zabiya ko ɗaya ba. Lissafi a bayyane yake: 'ya'ya duk launin ƙasa, duk masu ɓoyo, masu lafiyar ido. Na rubuta haka a littafi tun kafin a sa su akwati ɗaya. Baba Haruna ya ce mini bai ga ta kula shi ba, kullum tana wannan kusurwa yana waccan. Na ce ai ba a gabanmu za su yi ba.

Ta haihu wata Juma'a cikin Yuni, da hantsi, ni da Baba muna canza jarida. Wanda bai ga haihuwar boa ba bai san ƙazanta ba. Kowane ɗa yana fitowa a naɗe cikin jakarsa mai yauƙi, ana ganinsa ta ciki, ya yi shiru kamar matacce, sannan ya soke ta da hanci ya buɗe baki. Wannan karon ƙwayayen cikinta da ba su zama 'ya'ya ba sun yi yawa, sun fi ashirin, jajaye kamar dafaffen dankali. A tsakaninsu 'ya'ya goma sha ɗaya masu rai. Na sunkuya na duba, na goge tabarauna na sake dubawa. Ba launin ƙasa ko ɗaya. Goma sha ɗayan nan duk zabiya ne, sak uwarsu, kuma sun fito da kawuna daga jaka suna fuskantar wuri guda, wajenmu.

Baba ya wanke su ɗaya bayan ɗaya a ruwan ɗumi, yana shafa gindin wutsiya da babban yatsa, haka ake gane jinsi. Da ya gama ya ce, "Ɗan lakwal, ka lura? Duk mata na. Babu namiji ko guda." Na ji shi, amma hankalina ba ya wurin. Ina can ina jan gida huɗu a kaina.

Madam ta zo ta tsaya a kansu, fuskarta ta yi fari fat. Ta ce, "Lawali, Dogo zai iya haifar wannan?" Na ce ba zai iya ba. Ko da a ce yana da ɓoyo, wanda ba shi da shi, rabi za a samu, ba duka ba. Zabiya duka, sai uba zabiya. Kuma babban namiji zabiya ɗaya ne ya kwana a wurin nan a wannan sanyin, wanda ya mutu yana kallon rufi. Ban ambaci sunan kowa ba. Ba sai na ambata ba, mu uku ne a wurin, kuma Baba shi kaɗai ke zuwa ran Lahadi.

Ta jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin tebur ta zazzage. Ita ba ta karanta ajami, ni ta ba, tunda na yi makarantar allo. Cikin na sama-sama na ga ambulop an rubuta Baƙo. Na buɗe, saɓar zabiya ce, girman namiji. Da bakina na karanta mata sunan.

"Cikin kwandon shara na ɗauke ta, bakin ƙohwa," in ji Baba. "Madam ta hiddo ta ta aje. Ban taka ɗakin ga ba."

Madam ta ce, "So ka yi ka ba ni mamaki, Haruna? Ka ga namiji mai kyau zaune a banza, ka ce bari ka gwada?"

Ya juyo wurina, ya bar Faransanci ya koma Hausa. "Lawali," ya ce, ranar ce ya fara kiran sunana, "wallahi tallahi ban gama su ba. Kawo Alƙur'ani in dahwa. Kai Musulmi na, ka san nauyin rantsuwa. Hwaɗa mata."

Na ce, "Baba, ni ban ce kai ba ne. Amma takarda ba ta ƙarya." Abin da na faɗa ke nan, kuma na fassara wa Madam shi daidai, ban rage ba.

Hukunci biyu aka yanke. Baba zai bar aiki. 'Ya'yan kuma ba za a sayar wa kowa ba, ba za a bar su kusa da sauran ba, tunda uba mai ciwo ne, likita zai zo. A lokacin ba mu da gwajin da za a dogara da shi a kan maciji mai rai. Kwana goma sha biyu suka yi a ɗakin keɓewa kafin likitan ya samu zuwa, kuma Baba ne ya ci gaba da canza musu ruwa, don ni da Madam ba mai son kallonsu. Cikin kwanakin suka yi saɓarsu ta fari, 'yar siririya kamar ɓawon albasa. Ranar allurar ni na riƙe su. Ɗan boa bai fi kamu ɗaya ba, ka riƙe kai da yatsa biyu, likita ya soka, ka ji ƙarfin yana zarewa daga hannunka. Goma sun tafi ba gardama. Ta ƙarshen, ƙaramarsu, ta naɗe mini babban yatsa zagaye uku, kuma bayan ta mutu ma ba ta saki ba, sai da likita ya warware ta. Na wanke hannu na je na ci abincin rana. Baba ya tafi ran Litinin bai yi sallama da ni ba, ya bar akwatin ƙarfensa a ƙarƙashin tebur.

Lami ce Madam ta kasa kashewa. Sau biyu tana kiran likita tana fasawa. A ƙarshe ta ce in ɗauke ta daga gabanta, in ajiye ta inda ba wani maciji, in ta fara kallon rufi in yi abin da ya kamata. Wurin bai sake komawa daidai ba. Ciwon bai bayyana a jikin ko ɗaya ba, amma ba mai ganin ciki tun kafin sikeli, ba mai jin numfashin da ya canza, muka yi ta asarar haihuwa. Bayan shekara biyu Madam ta sayar da komai ta koma ƙauyensu, ba ta daɗe ba ta rasu. Ni na sami tawa takardar izinin, na dawo gefen Paris, kusa da kasuwar Rungis inda nake sayen zomo a daskare, na kama wuri na fara nawa kiwon. Akwatin Baba ya biyo ni cikin kaya, ban san abin da ya hana ni zubar da shi ba.

Lami ma da ita na taho, ɗakinta daban, a hawa na sama, makulli ɗaya kuma yana aljihuna. Shekara huɗu ba ta ga namiji ba, ba ta ga maciji ba ko ta gilashi. Ba ta taɓa kallon rufi ba, ni take kallo. A shekara ta huɗun ta daina cin abinci, ta koma gefen ɗumi ta naɗe, ƙasan jikinta ya kumbura. Na ce ƙwayayen banza ne, mata kan yi haka. Wata safiya cikin Yuni na buɗe ƙofa da kwanon ruwa a hannu, warin nan na haihuwa ya tare ni. Cikin jajayen ƙwayaye kawuna bakwai sun fito, ruwan ƙwai, jajayen ido, suna fuskantar ƙofa. Kwanon ya suɓuce mini. Na zauna a ƙasa cikin ruwan na shafa wutsiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mini. Duk mata.

Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba a sana'ar nan, don na san ba mai shiga ɗakin sai ni. Na kuma san, tun ina zaune cikin ruwan nan, cewa dattijon gaskiya ya faɗa. Amma ku ji abin da ɗan lakwal ya yi. Na ce wataƙila ta ajiye ruwan namiji a jikinta ne, macizai kan yi haka wata da watanni. Shekara huɗu? To, wa ya sani. Sai na tabbatar tukuna.

Wata 'yar Maraɗi, Mariyama, da muka yi aji ɗaya a Lyon, tana aikin bincike a wani ɗakin gwaji a Paris. Na kai mata labari, ta ce ta ji masana a Amurka sun fara ba da labarin irin wannan, amma tana buƙatar abin gwaji daga uwa, da 'ya'ya, da duk namijin da ake zargi. Na ce mazan ɗaya ya mutu, ɗaya an sayar, 'ya'yan farko kuma an ƙone su. "To ba abin da zan iya yi maka game da na farkon," in ji ta, "sai in kana da fatarsu." Na koma gida na buɗe akwatin ƙarfe. Ga Dogo, ga Baƙo, ga Lami shekara-shekara. A saman duka, ɗaure da zare, ƙananan ambulop goma sha ɗaya. Muka tsinki ɗan kaɗan daga kowace saɓa, na mayar da su a jere yadda na same su.

Aikin sa kai take mini a tsakanin nata ayyukan, don haka ya ɗauki watanni. Ranar da ta gama ba ta faɗa a waya ba, cewa ta yi in zo. Ta shimfiɗa takarda a tebur. Ba Dogo a jikin 'ya'yan, ba Baƙo, ba kowa. Duk abin da ke jikinsu, na farko da na biyu, daga Lami ya fito. Ƙwan ya haɗe da wani ɓangare na kansa ya zama ɗa. Shi ya sa duk zabiya, tunda uwar ba ta da wata ƙwaya da za ta bayar sai ita, ta ba da ita sau biyu, shi ya sa kuma duk mata. Gida huɗuna daidai yake, sai dai na zana wa uba gurbi a inda ba uba. Mariyama ta ce, "Ikon Allah! Ai murna ya kamata ka yi, Lawali, abu ne da mutane kaɗan suka gani." Na ce mata da hannuna na riƙe goma sha ɗaya aka yi musu allura.

Neman Baba bai yi wuya ba, wannan ma abin kunya ne. Na tambaya a wani gidan abinci a Belleville inda mutanenmu ke cin tuwo ran Juma'a bayan masallaci, mutum na biyu da na tambaya ya san shi. Bayan Lyon ba mai kiwon da ya ɗauke shi, don a sana'ar nan labarin wanda ya karya dokar keɓewa yana riga shi isa ko'ina. Ya shekara uku yana ɗaukar akwatunan kifi a Rungis, cikin ƙanƙara, yana ɗan shekara sittin, har bayansa ya ƙi. Wato kasuwar da nake shiga duk sati, yana cikinta. Yanzu yana wani ɗaki a hawa na biyar, gado ɗaya, buta, darduma, idonsa ya yi yana, ba ya ganin komai sai inuwa.

Na yi sallama, ya amsa, ya ɗan karkata kai. "Ɗan lakwal," ya ce. Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi mutanen Damagaram, ya tambayi Madam. Na ce ta rasu. Ya ce, "Allahu akbar. Ta tahi tana ganina maƙaryaci."

Na durƙusa na ajiye akwatin a gabansa, na ba shi labarin ɗakin Lami da makullin da kawuna bakwai, sannan na zaro takardar Mariyama na fara karanta masa ina fassarawa. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Yaushe Lami ta sake haihuwar ga?"

"Watan Yuni, Baba."

"Yanzu wane wata muke?"

"Maris."

Ya lissafa da yatsu. "Wata tara. Kai kaɗai ke da makulli, ka gani da idonka, kuma wata tara kana zamne kana jiran takarda ta ba ka izinin yarda da ni." Bai ɗaga murya ba. "Na yahe maka tun Lyon, don in samu in yi barci. Amma aje takardar ga, ba ni da abin yi da ita. Ni na san ban shiga ba."

Ya laluba akwatin ya buɗe, hannunsa ya tafi kai tsaye kan ƙananan ambulop ɗin, ya kwance zaren. Ba ya ganin rubutun, amma ya san jerin da ya ɗaure su. Ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana ajiyewa a kan gwiwa. "Jummai, ita ta hwara hitowa. Hassana da Usaina, jaka guda sunka zo. Gambo. Baturiya, don ta hi su haske." Haka har goma, kowace da abin da ya tuna game da ita. Ya riƙe ta ƙarshen ya daɗe yana shafawa.

"Auta," ya ce. "Ita ta riƙe maka yatsa."

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Ashe ranar yana tsaye a bakin ƙofa.